Yadda Ake Horar da Kwikwiyon Farauta Mai Aiki Iri-iri a Shekararsa ta Farko

Masu karatu da dama sun yi ta aiko da tambaya guda ta fuskoki daban-daban: mutum ya samu kwikwiyo daga jinsin karnukan farauta masu aiki iri-iri, to da me zai fara, yaushe zai nuna masa tsuntsu, kuma yaushe ya kamata ya fara jin ƙarar bindiga? Karnukan da ake nufi su ne waɗanda guda ɗaya yake haɗa aikin karnuka uku ko huɗu. Shi zai nemo tsuntsu a fili da hancinsa, ya kafe a gabansa yana nuna wa maharbi inda ya ɓuya, ya bi sawun abin da aka raunata, sannan ya ɗauko abin da aka harbo, a tudu ya faɗi ko a ruwa. Daga cikinsu akwai Kurzhaar da Drahthaar da Weimaraner da Pudelpointer na Jamus, da Vizsla na Hungary, da Brittany na Faransa, da Spinone na Italiya.

Duk waɗannan ɗabi'u a jinin kwikwiyon suke, ba wanda zai koya masa sansana iska ko sha'awar tsuntsu. Aikin mai horo a shekarar farko shi ne ya tayar da su ɗaya bayan ɗaya, kowace a lokacinta, ba tare da ya tsorata shi ba. Saboda haka jerin matakan da ke ƙasa yana da muhimmanci ƙwarai, kuma wanda ya tsallake mataki don ɗoki, galibi sai ya dawo ya yi watanni yana gyaran abin da ya ɓata a yini ɗaya.

1. Zaɓen kwikwiyo

Ka fara duba iyaye kafin ka dubi 'ya'ya. Ka nemi ganin uwar tana aiki a fili, da uban idan zai yiwu, ka kuma tambayi mai kiwon ko an ɗauki hoton ƙugun iyayen a wurin likitan dabbobi, domin gocewar ƙashin ƙugu ciwo ne da ake gado, kuma yana hana kare gudu tun yana tsakiyar ƙarfinsa. Kwikwiyon da iyayensa biyu mafarauta ne ya riga ya sauƙaƙa maka rabin aikin.

A cikin 'yan kwikwiyon, ka lura da wanda yake zuwa wurinka da kansa yana kaɗa wutsiya, wanda idan wani abu ya faɗi ya yi ƙara zai ɗan razana sannan ya koma ya sansana abin. Wanda ya laɓe a lungu ya ƙi fitowa zai ba sabon mai horo wahala. Kada a raba shi da uwarsa da 'yan'uwansa kafin ya cika mako 8, domin a cikinsu yake koyon iyakar cizo da zama da sauran karnuka.

2. Kayan aiki da abin da za su ci

Hausawa sun ce ba a kiwon kare ranar farauta, haka nan ba a neman kayan horo ranar da kwikwiyo ya iso. Ana bukatar keji wanda zai iya miƙewa ya juya a ciki, da abin wuya mara nauyi, da gajeriyar igiya ta tafiya, da doguwar igiya mai tsawon mita 6 zuwa 10 wadda take da ɗan tauri don kada ta riƙa harɗewa a ciyawa. A ƙara da usur, da dunƙulen zane ƙarami na jifa, da wani na roba mai yawo a kan ruwa, da ƙaramar bindigar horo mai cin harsashin da ƙara kawai yake yi.

Waɗannan duka ba su da tsada idan aka kwatanta da abubuwa uku da suke cin kuɗi a kai a kai, wato abinci mai kyau, da likitan dabbobi, da tsuntsayen horo. A nan ne akurkin tattabaru yake rage asara, domin tattabarar da ta saba da gida idan ta tashi a fili gida za ta koma, gobe a sake amfani da ita, alhali salwar da aka saya aka saki galibi ta tafi ke nan. Na'urar sakin tsuntsu daga nesa da abin wuya mai lantarki su ne mafi tsada, kuma ba lallai ba ne a mallake su a wannan shekara.

Gargaɗi: abin wuya mai lantarki ba kayan koyarwa ba ne ga ɗan kwikwiyo. Ana sa shi ne ga karen da ya riga ya san umarni sarai, kuma wasu ƙasashe sun haramta shi gaba ɗaya.

3. Lafiya kafin komai

A kai shi wurin likitan dabbobi a kwanakin farko. Allurar rigakafin cutar parvo da distempa ana fara ta ne tsakanin mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako 3 ko 4 har ya kai mako 16, ita kuwa ta ciwon haukan kare ana yin ta daga mako 12. A tambayi likitan batun rigakafin cutar lefto, wadda ake ɗauka daga kwantaccen ruwan da fitsarin ɓera ya gurɓata, tunda wannan kare ne da zai yi rayuwarsa cikin ruwa. Maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma su ma likitan zai tsara lokutansu. Abinci kuwa sau 3 ko 4 a yini har ya kai wata 6, daga nan a koma sau 2.

Gargaɗi: kafin alluran su cika, kada a kai shi inda baƙin karnuka suke taruwa suna kashi, domin ƙwayar parvo tana daɗewa a ƙasa tsawon watanni.

4. Sabo da gida da duniya, mako 8 zuwa 16

Wannan ɗan lokaci ne da ba ya dawowa. Abin da kwikwiyo ya gani ya saba da shi a makonnin nan, zai ɗauke shi a matsayin abin yau da kullum har tsufansa, abin da bai gani ba kuwa zai riƙa ɗari-ɗari da shi. Don haka a gabatar masa da mutane iri-iri, manya da yara, da lafiyayyun karnukan da aka san an yi musu rigakafi, da dabbobin gida. A sa shi a mota a yi gajerun tafiye-tafiye, ya taka yashi da laka da tsakuwa da doguwar ciyawa. Kullum a riƙa taɓa ƙafafunsa, a leƙa kunnuwansa, a buɗe bakinsa, domin wata rana sai an cire masa ƙaya daga tafin ƙafa a tsakiyar daji, kuma ba ranar za a fara lallashinsa ba.

Kejin ya zama wurin barcinsa da cin abincinsa, kada ya zama wurin hukunci. A fitar da shi waje da zarar ya farka, da bayan cin abinci, da bayan wasa, a wuri guda kullum, a yaba masa idan ya yi bukatarsa a can.

Gargaɗi: tsakanin mako 8 zuwa 11 'yan kwikwiyo sukan shiga wani yanayi na saurin firgita. Idan wani abu ya tsorata shi, kada a ja shi da ƙarfi zuwa wurin abin, kada kuma a rungume shi ana rarrashi. A tsaya a natse a bar shi ya matsa da ƙafarsa.

5. Kalmomin farko

Umarni kaɗan ne ake bukata a yanzu: sunansa, da “zo”, da “a'a”, da “shiga” na keji, da tafiya a igiya ba tare da fisga ba. A cikinsu “zo” ya fi kowanne daraja, domin shi ne zai hana shi faɗawa kan titi ko bin dabbar da za ta kashe shi. A fara a cikin gida inda babu abin da zai ɗauke masa hankali. Ka durƙusa, ka kira sunansa, ka ce “zo” sau ɗaya tak, da ya iso ka ba shi ɗan abin tauna ka yaba masa nan take, domin ladan da ya yi jinkiri kare yakan kasa haɗa shi da aikin da ya yi. Bayan ya gane, a haɗa kalmar da busar usur, sannan a fita waje da doguwar igiya, idan ya ƙi zuwa a jawo shi a hankali a kuma yaba masa da ya iso.

Darasi kada ya wuce minti 5, sau 2 ko 3 a yini, kuma a tsaya tun yana marmari. Duk mutanen gida su riƙa amfani da kalma ɗaya ga aiki ɗaya. Masu horar da karnukan kafewa da yawa suna jinkirta koyar da “zauna”, saboda kwikwiyon da aka cika zaunar da shi yakan zauna a gaban tsuntsu duk lokacin da ya rikice, kuma ni ma ina ganin jinkirin ya fi.

Gargaɗi: kada ka taɓa kiran sa don ka hukunta shi, kada kuma kira ya zama kullum alamar ƙarshen wasa. Ka riƙa kiran sa, ka yaba masa, ka sake sakin sa.

6. Yawon fili

Da alluransa sun ba da dama, a fara fita da shi fili mai gajeriyar ciyawa, nesa da titi, a sake shi. Ka yi tafiyarka kana fuskantar iska, ka yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da ya fi wa sababbin masu horo wuya, domin bakinsu ba ya hutawa da kira da busa, har kwikwiyon ya koyi abu biyu marasa kyau: ya daina sauraron muryar, ko kuma ya manne a ƙafar mai shi ya ƙi nema. Ka bar shi ya kori fara da malam-buɗe-littafi da ƙananan tsuntsaye, duk karatu yake yi. Lokaci-lokaci ka canja hanya ba tare da ka sanar da shi ba, ko ka ɓuya a bayan bishiya. Idan ya ɗago kai bai gan ka ba zai ɗan rikice ya nemo ka, daga nan ya koyi cewa lura da inda kake aikinsa ne.

A fara da minti 15 zuwa 20, a riƙa ƙarawa da sauya wurare, daga fili zuwa kurmi zuwa bakin fadama. A guji wuraren da tsuntsaye suke kwanci a lokacin ƙwai da 'yan tsaki.

Gargaɗi: ƙasusuwansa ba sa gama ƙwari sai tsakanin wata 12 zuwa 18, don haka kada a sa shi gudu a bayan keke ko babur, ko tsalle daga wuri mai tsawo. Kare da haki yake rage zafin jiki, saboda haka a fita da sassafe ko da yamma, a riƙe ruwan sha, a kuma tsayar da shi idan harshensa ya zazzago ya yi faɗi.

7. Ɗauko abu

A fara a wani siririn lungu wanda ƙarshensa a toshe yake, yadda idan ya ɗauki abin ba shi da hanya sai ta wurinka. Ka zauna a ƙasa, ka riƙe shi, ka kaɗa dunƙulen zanen a gabansa har ya ɗokanta, ka jefa taku kaɗan ka sake shi. Idan ya dawo, kada hannunka ya fara zuwa kan abin da ke bakinsa. Ka shafa ƙirjinsa, ka yaba masa yana riƙe da shi, sannan ka ce “saki” ka karɓa a hankali. Kwikwiyon da ake warce wa abu da zarar ya iso yakan koyi tsayawa nesa ko gudu da abin. Jifa 2 ko 3 ta isa a zama ɗaya, sannan a ɓoye dunƙulen, kada ya zama abin wasansa na yini.

Gargaɗi: kada a yi wasan ja-in-ja da shi, domin wannan yana koya masa datse haƙora, gobe ya murƙushe tsuntsu a baki. Daga wata 4 zuwa 6 yana famfara, dasashinsa yana ciwo, kuma idan ya fara ƙin ɗauka a lokacin a dakata har sababbin haƙora su fito.

8. Tsuntsu na farko

Wannan mataki ne da komai yake rataye a kansa, don haka a yi shi a tsanake. Tsakanin mako 10 zuwa 16, a kai shi wuri mai shiru, babu mutane babu wasu karnuka, a ajiye masa matacciyar tattabara ko salwa. Wani zai daka mata wawa nan take, wani kuma zai yi ta kewaya ta yana miƙa wuya, yana sansanawa yana ja da baya, har ya yi ƙarfin halin kama gashin wutsiyarta ya ja. Duka biyun daidai ne, kuma ba a cewa komai. Bayan haka a kawo rayayyiya wadda aka ɗaure fikafikanta yadda ba za ta iya bugun fuskarsa ba, domin mari ɗaya na fiffike a hanci yakan sa ɗan ƙaramin kwikwiyo ya ƙi tsuntsu na tsawon makonni. Idan ya yi ƙarfin zuciya, sai a ba shi wadda take iya ɗan tashi ta sauka, ya kore ta, ya kama, ya ɗauke ta yana taƙama. Kamu 2 ko 3 irin wannan sun isa su kunna masa sha'awa.

Daga nan doka ta juya, kada ya sake kama tsuntsu mai rai. Dalilin kuwa shi ne kafewa asalinta ɗan dakatawar da mafaraucin dabba yake yi kafin ya yi tsalle, kuma tana tsawaita ne idan kare ya gane cewa duk lokacin da ya afka, tsuntsun tashi yake yi ya bar shi. Karen da yake samun kamu ba shi da dalilin tsayawa.

Ga yadda ake dasa tsuntsu. A zaɓi tattabara mai ƙarfin tashi, a sa safar hannu, a ɗan juya ta har ta yi jiri, a cusa kanta ƙarƙashin fiffike a kwantar da ita cikin ciyawa mara kauri. Mai dasawa ya shiga ya fita ta wata hanya dabam da wadda karen zai biyo, in ba haka ba kwikwiyon zai koyi bin sawun takalmin mutum maimakon neman warin tsuntsu. Sannan a kawo shi da doguwar igiya yana gilma wa iska, daga ɓangaren da iskar take kai warin, yadda warin zai buge shi gaba ɗaya. Za ka ga alamar: kansa ya juya da sauri, gudunsa ya ragu, wutsiya ta miƙe, jiki ya sandare, wani lokaci ƙafar gaba ɗaya a ɗage. A wannan lokaci ka yi gum. Kada ka ce “tsaya”, kada ka yaba, kada ka taɓa shi. Da ya motsa zai afka, mataimakinka ya tayar da tsuntsun, shi kuma a bar shi ya bi shi da gudu har ya gaji ya dawo. Kafewar daƙiƙa 2 a yau za ta zama ta daƙiƙa 20 nan da 'yan makonni, kuma tsuntsun ne yake koyar da shi.

Tsuntsu 2 ko 3 a fita ɗaya, sau 2 a mako, ya wadatar, kuma a riƙa sauya wurin dasawa. Inda akwai tsuntsayen daji kamar makwarwa, sun fi na gida koyarwa nesa ba kusa ba, domin ba sa yarda kare ya matso su.

Gargaɗi: wasan nan na ɗaura fiffike a sandar kamun kifi ana wurga shi gaban kwikwiyo yana da daɗin kallo, amma a yi shi sau ɗaya ko biyu a bari, domin yana koya masa kafewa da ido maimakon hanci. Mai amfani da na'urar sakin tsuntsu kuma kada ya taɓa tayar da ita kwikwiyon yana dab da ita. Kuma ko me ya yi, ba a tsawata masa a gaban tsuntsu, saboda karen da ya haɗa warin tsuntsu da faɗa yakan koyi kauce wa tsuntsu ya wuce kamar bai ji warinsa ba.

9. Ruwa

A zaɓi ranar da ake zafi da ruwan da ba shi da sanyi, mai tsabta, wanda gaɓarsa take gangarawa a hankali kuma ƙasansa yake da ƙwari. Ka shiga da ƙafarka ka yi ta tafiya, shi zai biyo ka, ko kuma a zo da babban kare mai son ruwa ya yi masa jagora. A jefa dunƙulen roba inda ƙafarsa take taɓa ƙasa, gobe a ƙara taku ɗaya, har ranar da ƙasa za ta kuɓuce masa ya ga yana iyo. Iyon farko yakan zo da fantsama, ƙirji a sama, ƙafafun gaba suna dukan ruwa, amma da ya riƙe abu a baki jikinsa zai kwanta ya daidaita. Wanda dunƙule bai sa ya shiga ba, fiffike ko matacciyar agwagwa takan shawo kansa. Bayan an fito a goge masa cikin kunne, domin karnuka masu faɗaɗɗen kunne suna saurin kamuwa da ciwon kunne.

Gargaɗi: kada a taɓa jefa shi ko a ja shi cikin ruwa da igiya. A kuma guji kwantaccen ruwan da ya yi kore shar a lokacin zafi, domin wani nau'in gansakukar da ke cikinsa guba ne mai kashe kare cikin sa'o'i.

10. Bin sawu

A ɗaura matacciyar tattabara a igiya, a fige 'yan gashinta a zuba a mafari, sannan mataimaki ya ja ta a ƙasa tsawon mita 10 zuwa 20 yana bin inda iska take tafiya, ya ajiye ta, ya zagayo ta wata hanya. Ana bin bayan iska ne don kada warin ya zo wa karen ta sama, dole ya sa hanci a ƙasa. Kwikwiyon kada ya ga ana jan. A kawo shi mafarin, a nuna masa gashin da yatsa, a faɗi kalma ta musamman kamar “bi” da murya ƙasa-ƙasa, a sake shi bayan ya dasa hanci. Idan ya ɓace wa sawun a bar shi ya kewaya ya nemo da kansa. A hankali a ƙara tsawo, a sa kwana ɗaya, sannan biyu. Sau ɗaya a mako ya isa, kuma ya fi kyau da safe lokacin da ƙasa take da ɗan danshi.

11. Ƙarar bindiga

Tsoron bindiga kusan kullum mutum ne yake haddasa shi, kuma shi ne ciwon da ya fi kowanne wuyar magani. Sharaɗin fara wannan mataki ba yawan watanni ba ne, sai dai kwikwiyon ya kai matsayin da idan tsuntsu ya tashi yana bin sa da gudu ba ya ji ba ya gani. Ga yawancinsu hakan yana zuwa ne wajen wata 5 zuwa 7. Idan bai kai nan ba, a ci gaba da tsuntsu a ajiye bindiga.

Ana bukatar mutum biyu. Mataimaki ya tsaya da ƙaramar bindigar horo a nesa kamar mita 100, bakin bindigar yana kallon wani ɓangare dabam. Kai kuma ka tayar da tsuntsu, ka jira har kwikwiyon ya yi nisa cikin kora, sannan ka ɗaga hannu a harba sau ɗaya. Idonka ya kasance a kan karen. Idan ya ci gaba da gudu kamar bai ji komai ba, an yi nasara, kuma harbin ranar ya ƙare ko a ƙara ɗaya kawai. A fita ta gaba mataimakin ya matso da mita 10 ko 15, a haka a haka har ya zo yana harbi daga gefenka. Idan za a koma babbar bindigar farauta, a sake komawa can nesa a faro daga farko, domin ƙararta dabam ce. Matakin ƙarshe shi ne a harbo masa tsuntsun da ya kafe a kansa ya ɗauko, daga ranar ƙarar bindiga ta zama masa albishir.

Alamun matsala a bayyane suke: ya tsaya cak da kora, ya kwantar da kunnuwa, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ko ya dawo ya manne a bayanka. Idan ka ga ɗaya daga cikinsu, kada ka rarrashe shi kada ka yi masa faɗa, ka ci gaba da tafiya kamar babu abin da ya faru. A ajiye bindiga mako 2 ko 3, a koma tsuntsu zalla har ɗokinsa ya dawo, sannan a sake farawa daga wuri mafi nisa.

Gargaɗi: kada a harba bindiga kusa da shi wai don a gwada ko yana tsoro, kada a kai shi filin koyon harbi, kada a yi harbi a kansa yana cin abinci ko yana cikin keji, kuma a ɓoye shi cikin gida ranar wasan wuta.

12. Kakar farauta ta farko da jarrabawa

Daga wata 6 zuwa shekara ɗaya kwikwiyo yakan shiga ƙuruciyar taurin kai, ya yi kamar bai taɓa jin “zo” ba. Maganin shi ne komawa doguwar igiya na ɗan lokaci, ba duka ba. A wannan tsakanin ne za a iya fara koya masa “tsaya” a tsakar gida, nesa da tsuntsu, ya tsaya a kan ƙafafu huɗu har a sallame shi.

Fitarsa farauta ta farko ta zama tasa ce, ba ta cika jaka ba. A tabbatar da lasisi da lokacin da dokar wurin ta halatta farauta, a fita da maharbi ɗaya, sa'a ɗaya ko biyu, harbi ɗaya ga tsuntsu ɗaya. A harbi tsuntsun da ya kafe a kansa kawai, wanda ya afka wa ya tayar kuwa a bar shi ya tafi, komai kyan harbin. Taron maharba masu sakin wuta a lokaci guda yana iya rushe duk aikin mataki na 11.

Wanda yake son ma'auni daga waje yana da inda zai duba. Ƙungiyar NAVHDA ta masu karnukan farauta masu aiki iri-iri a Arewacin Amurka, wadda aka kafa a 1969, tana da jarrabawar gwada baiwar da aka haifi kare da ita ga karnukan da ba su wuce wata 16 ba, inda ake duba nema da kafewa a fili tare da harbi, da bin sawun tsuntsun da ba ya iya tashi, da shiga ruwa, kuma cikakken makinta 112 ne. A Jamus ana yi wa matasan karnuka jarrabawar VJP a bazara, wadda ta haɗa da bin sawun zomo, sannan HZP a kaka, inda aikin ruwa da ɗauko abu suke shigowa. Ko ba za a shiga jarrabawa ba, waɗannan fannoni su ne abin da mai kare zai auna kwikwiyonsa da su.

Horo mai tsanani, wato hana shi motsi bayan tsuntsu ya tashi an yi harbi, da tilasta masa ɗauko abu bisa umarni, a bar su sai bayan wannan kaka. Alamar cewa lokacinsu ya yi ita ce ya riƙa kafewa da kansa har ka zo ka wuce gabansa, ya ji harbi ya ɗaga kai yana neman inda tsuntsu zai faɗi, ya kuma amsa kira ko da yana tsakiyar nema.